Iskar Hunturu a Hanyar Gwarzo

Tun da kaka Kawu ya aiko cewa zai aurar da autarsa a watan Janairun 2025, kuma bai yarda in tura wakili ba. Ƙanin mahaifiyata ne. Fataucin gyaɗa ya kai shi ƙasar Kano yana saurayi, ya sami wurin zama a Gwarzo, ya yi aure, ya hayayyafa. Yau harshensa ya koma na Kanawa, sai in ransa ya ɓaci ne Katsinancin Maraɗi ke dawo masa. Rabona da gidansa shekara goma sha ɗaya. Na ƙulle tsarabata, kilishi da cuku da dabino, na bar Maraɗi ranar Laraba bayan sallar asuba. Hazo ya rufe gari, iska na kwasar ledoji tana liƙa su a jikin ƙaya.

A Ɗan Isa na canza kuɗi. Jika ɗaya ta sefa ta ba ni fiye da naira dubu biyu, alhali a zuwana na baya naira ɗari uku da 'yan kai take bayarwa. Aljihu ya yi nauyi, amma tun kafin Katsina na gane nauyin takarda ne kawai, don shayi da burodin da na karya da su a Jibiya sun cinye abin da a da zai kai mutum Kano. 'Yan ruwa-ruwa da suka saba cika bakin wannan hanya da kwalabe da jarkoki sun ragu ƙwarai. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, litar fetur ta haura har ta kai wajen naira dubu, mu kuma a gida tana sefa 499, sai ribar tsallako da shi ta zama ba ta kai wahalarta ba. Aikin kan iyaka bai ɗauke mu lokaci ba: aka duba takarda, aka buɗe jaka, muka wuce.

Ba na iya ratsa Katsina ban tuna da wuta ba. Daga nan ne layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 132 ya tashi ya nufi Gazawa, shi ke shayar da Maraɗi da Damagaram. Katsina kuma daga Kano take sha, daga babbar tashar Kumbotso, ita ma Kumbotso tana jiran abin da ya taso daga Kaduna da Shiroro. Wato ƙwan da ke ɗakina a Maraɗi da wanda ke zauren Kawu a Gwarzo, jijiyarsu ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumi ya biyo baya, aka katse wutar da ke shiga Nijar a farkon Agusta, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasarmu ta wayoyin Najeriya take zuwa a lokacin. Ni malamin makaranta ne, kimiyya nake koyarwa, kuma a waɗancan watanni na gyara takardun ɗalibai da fitilar waya fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Mun bar Katsina da hantsi a wata ƙaramar mota, mu shida ban da direba. Bayan Batagarawa, tafiyar da ba ta wuce kilomita 25 daga birni ba, sai ga su sun ɓullo cikin hazo a Lambar Rimi: dogayen turaku farare, jere a fili, kowanne da fikafikai biyu a kansa. Na roƙi direba ya ɗan sassauta, ya kuwa yi mini kara. Injinan iska 37 ne, kowanne an ƙera shi ya ba da kilowat 275, gaba ɗaya wajen megawat 10. Tunanin ya faro ne a 2005 lokacin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan Katsina, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓi aikin, kamfanin Vergnet na Faransa ya kawo injinan. A watan Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan aikin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwambar 2013. Aikin ya daɗe yana jan ƙafa bayan nan.

Iska a ranar har girgiza motar take yi, amma mafi yawan fikafikan a tsaye suke cik. Wani dattijo da ke kusa da ni, mai buhun barkono a bayan mota, ya dube su ya ce, "Allah Ya jiƙan mai wannan niyya." Muka amsa da amin. Babu wanda ya ƙara magana har Caranci. Ni dai abin ya tsaya mini a rai, don na sha zana wa ɗalibaina irin wannan inji a allo, ga shi yau a gabana, ga iskar da yake buƙata tana wucewa ta kansa a banza.

Kankiya, Tsanyawa, Bici, muka shiga Kano da azahar. Daga Ƙofar Ruwa na hau adaidaita sahu zuwa Kabuga, na ci gurasa bandashe a tsaye, mai ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, irin wadda duk ƙoƙarin matan Maraɗi ba su kamo ta ba. Motar Gwarzo naira 1,500 na biya. Muka bi ta Rijiyar Zaki, muka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, sai Janguza, sai Rimin Gado. Ana aikin mayar da hanyar tagwaye, don haka wani wuri kwalta sumul, wani wuri ƙura har cikin haƙora. Tafiyar kilomita saba'in ce ko kusa da haka.

Daga Rimin Gado ƙasa ta fara sauya mini. Mu namu rairayi ne da gawo da gero. Nan ƙasa ja ce mai danƙo, ga ɗorawa, ga kaɗanya, ga mangwaro ya fara fure, karan dawa an jingine shi tsibi-tsibi a gonaki. A Garo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, yara suka kewaye motar da rake da dafaffen rogo. Na sayi rake sanda biyu, ban ci ba, na riƙe wa jikokin Kawu.

Ana kiran magariba na isa Gwarzo. Tun daga ƙofar gida na ji muryar Kawu: "Lale, lale da mutanen Maraɗi! Ɗan nan, ashe kana gane hanya?" Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna bai saki ba har ya gama tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sai in tuna masa, sai ya yi shiru ya yi musu addu'a. Inna, uwargidansa, ta aiko da ruwan zafi a bokiti saboda sanyi, sannan fura da nono a ƙwarya, sannan tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Aka ba ni shagon da ke jikin zaure, an share, an shimfiɗa sabuwar tabarma da katifa da bargo biyu. Da na ce bargo ɗaya ya isa, sai Inna ta aiko a gaya mini sanyin Gwarzo ba ya jin maganar baƙo.

A ɗakin akwai ƙwai biyu a rufi. Ɗaya na wutar gari ne, a mace. Ɗayan ƙarami ne fari, wayarsa ta bi bango ta shiga wani akwatin katako inda batir yake, daga can ta hau rufin kwano wurin faifan sola. Aikin taubashina ne, babban ɗan Kawu, wanda ya yi karatun lantarki a Kano ya dawo gida yana haɗa wa mutane sola. Shi ya zagaya da ni gari bayan isha'i. Bakin titi fitilun sola ne ke haskawa, bayansu kuma rurin janareta ta ko'ina: na mai aski, na mai walda da bai tashi ba, na mai shagon magani. Muka tsaya wurin wani yaro mai cajin waya. Rumfarsa ba ta fi faɗin tabarma ba, amma ya jera allon katako da soket sun fi hamsin, kowace waya ya manna mata 'yar takarda mai lamba, ya ba mai ita irinta. Naira ɗari ake biya. Ya ce a watan Oktoban 2024 sai da ya riƙa mayar da mutane.

Wannan wata kowa a Gwarzo yana da labarinsa. Lokacin ne aka lalata turakun babban layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke taso da wuta daga Inugu ta Makurɗi ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda a duhu. Mai niƙan unguwar Kawu ya ce da dizal ya riƙa aiki, kuɗin niƙa ya ninka, mata suka koma turmi. Mai sayar da ruwan sanyi ya ce ƙanƙara ta yi tsadar da bai taɓa gani ba. Na saurare su, na ji kamar labarinmu na 2023 ake ba ni da wani karin harshe. Su ɓarna ce ta yanke musu, mu siyasa, amma dalilin da ya sa abin ya yi mana illa iri ɗaya ne: waya ɗaya tak muke rataye a jikinta.

Taubashi, da yake abokin wasa ne, ya ce, "Ku Maraɗawa a da da dawaki kuke zuwa ku kwashe mana hatsi, yanzu kuma ta waya kuke janye mana wuta." Muka yi dariya. Maganarsa ta farko tana da tushe, don a ƙarni na 19 mahayan Maraɗi sun sha kawo hari yammacin ƙasar Kano. Ta biyun kuma na sha jin irinta a bakin mutanen Najeriya da gaske, ba da wasa ba: don me za a sayar wa maƙwabta wuta alhali gida na duhu? Ina ganin uzurinsu. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, abin da ke bin wayoyinta a yawancin ranaku bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Sai dai cinikin tsoho ne, layin Birnin Kebbi zuwa Yamai tun 1976 yake, kuma kogin Kwara da ke juya injinan Kainji da Jebba ta ƙasarmu yake ratsowa kafin ya iso. Kowa na riƙe da wani abu na ɗan'uwansa.

Washegari Alhamis ya ɗauke ni a babur zuwa ƙasar Kabo, wajen madatsar ruwa ta Guzu-Guzu, inda zai duba famfon wani manomin rani. Mun fita da sassafe na naɗe kaina da rawani, duk da haka kunnuwana sai da suka ƙage. Da muka gangara fadamar sai ido ya huta: tumatur, albasa, attaruhu, alkama kore shar, a tsakiyar rani. Abin da na fi tsayawa kallo shi ne injinan ban-ruwa. Wani na fetur ne yadda aka saba. Na kusa da shi an cire masa tanki, an ja siririn tiyo daga tukunyar gas ta girki zuwa kaburetarsa, an ɗaure bakin da robar taya, tukunyar kuma an ajiye ta a inuwa an lulluɓe ta da buhu. Mai shi ya ce tun da fetur ya tashi ya koma haka, ya fi masa sauƙi. Na uku shi ne na mai gonar da muka zo dominsa: fayafayan sola huɗu a kan ƙarfe, famfo na zuƙo ruwa ba ƙara ba hayaƙi. Ruwan ne ya ragu masa. Taubashi ya duba wayoyi bai ga komai ba, sai ya shafa yatsa a kan faifan, yatsan ya fito ja. Ƙurar hunturu ce. Ya jiƙa tsumma ya goge su ɗaya bayan ɗaya, muna tsaye ruwan da ke fita a bakin tiyo ya ƙara kauri.

Mai gonar, dattijo ne mai furfura a gemu, ya shimfiɗa mana buhu a gindin mangwaro, ya kawo ɗanwake da mai da yaji daga wajen wata yarinya mai talla, ya hana mu biya. Da ya ji ni malami ne sai ya ce, "Malam, ita wannan iska da ke busar mana da ƙasa tana rufe mana faifai, ba ta da wani amfani ne?" Na ba shi labarin Lambar Rimi. Taubashi ya girgiza kai. Ya ce iska ba abin dogaro ba ce, yau ta taso gobe ta kwanta, rana ma faɗuwa take yi, batir kuwa shi ne ke cinye kuɗin duk wanda ya haɗa sola. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan damuwa ce ta sa na daɗe ina bin labarin abin da ƙasashen Turai ke yi a tekunsu na arewa.

A Danmak aka fara kafa injinan iska a cikin teku, a Vindeby, a 1991, guda 11 kacal. Can iska ta fi ƙarfi, ta fi ɗorewa, kuma ba gonar kowa aka ci ba. Da farko kowace ƙasa nata take kafawa, ta ja waya zuwa gaɓarta. Daga baya suka ga asarar da ke cikin haka, tunda iska ba ta kwanciya a ko'ina lokaci guda. A 2020 Danmak da Jamus suka haɗa gonakin iskarsu na tekun Baltik da waya ɗaya a Kriegers Flak, mai ɗaukar megawat 400, ta yadda wutar za ta iya bin kowane ɓangare da ya fi buƙata. A 2021 aka buɗe wayoyin ƙarƙashin teku tsakanin Norwe da Jamus, da tsakanin Norwe da Ingila. A ƙarshen 2023 kuma Viking Link ta fara aiki tsakanin Ingila da Danmak, tsawonta kilomita 765, tana ɗaukar megawat 1,400. Norwe ƙasar duwatsu ce da madatsun ruwa. In iska ta yi yawa a wajen maƙwabta, sai ta karɓi wutarsu ta rage sakin ruwanta. In iska ta kwanta, sai ta buɗe ruwan ta mayar musu. Da na ba su wannan labari, mai gonar ya ce, "To ai ita ce rumbunsu." Ban taɓa samun kalmar da ta fi wannan dacewa ba, kuma da ita nake koyar da darasin yanzu.

A watan Afrilun 2023 shugabannin ƙasashe tara suka taru a Ostend ta Beljiyam, suka sa wa kansu burin megawat 120,000 daga iskar teku kafin 2030, da 300,000 kafin 2050. A cikin taran har da Lukzambag, wadda ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku, kamar dai Nijar. Kuɗi take zubawa, wutar ta iso mata ta wayoyin maƙwabta. Akwai kuma abin da ya fi wannan taɓa ni. A 1940 sojojin Jamus sun mamaye Danmak da Norwe da Holan da Beljiyam. Jikokin waɗancan mutane ne yau suka yarda kowa ya jingina hasken gidansa a kan wayar ɗan'uwansa. Na dubi taubashi na ce, dawakin Maraɗi sun fi wannan daɗewa da komawa gida.

Ba na cewa mu kwaikwayi teku a inda babu teku. Iskarmu ta tudu ce, ta fi ƙarfi a can arewa wajen Katsina da Sakkwato da ƙasarmu, kuma tana da lokacinta. Rana ta fi ta yawa a wurinmu nesa ba kusa ba. Abin da nake kwaɗayi shi ne tsarin, wanda a idona adashi ne: kowa ya zuba abin da yake da shi, kowa ya ɗauka ranar buƙatarsa. Kilomitoci kaɗan kudu da inda muke zaune akwai madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, gwamnatin Kano ta tsara mata injin megawat 6, Tiga kuma megawat 10. A jihar Tawa an sa hannu a 2022 kan gonar iska ta Tarka mai megawat har 250. Ga Lambar Rimi. Ga rufin kwano dubbai da ke shan rana a banza daga Kabo har Damagaram. Kowannensu shi kaɗai ƙarami ne, mai yankewa. In waya ta haɗa su ta hanyoyi da yawa, turakun da aka kayar a dajin Shiroro ba za su sa matan Gwarzo komawa turmi ba.

Uwar adashin ma akwai ta a takarda. Tun 1999 ƙungiyar ECOWAS, wadda mu muke kira Sedeyawo, ta kafa hukumar haɗa wutar Afirka ta Yamma mai mazauni a Kwatano, kuma a 2022 aka ƙaddamar da aikin babban layi mai kilobolt 330 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai zuwa Wagadugu, da reshe zuwa arewacin Benin. Sai dai a makon da nake Gwarzo, kwanaki kaɗan suka rage ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, ranar 29 ga Janairu. Da na faɗi haka dattijon ya ce, adashi dai in aka taɓa hana mutum kwasarsa ranar da ta zagayo kansa, da wuya ya sake zubi da zuciya ɗaya. Na yi shiru, don abin da mutanen garinmu ke faɗa ke nan tun 2023.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka ɗaura aure a ƙofar gida, aka raba goro da alewa, maroƙa suka yi aikinsu. Da dare aka kawo wutar gari ana tsakiyar rabon waina da miyar taushe, yara suka ɗauki ihu, mata suka ruga jona wayoyi da dutsen guga. Kawu bai ko ɗaga kai ba. Ya ce in matso, ya ba ni labarin wani famfo da ya gani a ƙasar Sakkwato zamanin yana yawon fatauci, mai fanka a kan doguwar hasumiya, iska na juya shi yana ɗebo wa gari ruwa daga rijiya, ba mai ba wuta. Ya ce ya daɗe a tsaye yana kallonsa har abokan tafiya suka yi masa magana. Kafin ya gama labarin an sake ɗauke wutar, ƙaramin ƙwan taubashi ya ci gaba da haska zauren, Kawu ya ɗora daga inda ya tsaya.

Asabar da sassafe Inna ta haɗa mini tsaraba: daddawa, kuka, garin ɗanwake, man gyaɗa a galan, da ƙullin kayan gara na mahaifiyata. Kawu ya rako ni har tasha duk da sanyi, ya biya kuɗin motar Kano kafin in sa hannu a aljihu, ya ce in gaya wa yayarsa yana nan tafe bayan salla. Taubashi ya cusa mini 'yar fitilar sola a jaka, ya ce ta gyaran takardun ɗalibai ce.

Da la'asar muka iso Lambar Rimi. Hazo ya ɗan yaye, turakun sun fito sarai. Wata yarinya da ke kan cinyar uwarta a kujerar gaba ta nuna su da yatsa ta ce, "Umma, waɗancan fankokin wa suke yi wa fifita?" Uwar ta juyo ta dube ni, don ta ji ana ce mini malam. Na matso gaba na fara yi mata bayani, direba ya rage rediyo.